Kwalbar da Na Saya a Kasuwar Rogo

Assalamu alaikum, Hajara.

Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai tsaro da maƙwabta masu mutunci. Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya tsare miki addininki da lafiyarki. Innarki ce ta sa takardar a jakarki, ƙarƙashin sallayarki, ni kuma na ce kada ta gaya miki, don na fi so ki karanta bayan kin isa Ibadan. Labarin gida ba zan ba ki ba, ba ki daɗe da baro shi ba. Za ki ga rubutun manya-manya, layukan suna gangarawa ƙasa, kin san dalili. Kwana huɗu na yi ina rubutawa da hantsi, a bakin zaure inda haske ya fi yawa.

Fiye da shekara talatin ina aikin magatakarda a gaban dagaci a nan Kurugu, na rubuta wa mutane wasiƙu ba iyaka, amma ban taɓa rubuta wadda ta yi mini wuya kamar wannan ba. Za ki tafi ki yi bincike a kan abin da ke cikin tsirrai wanda ake fatan zai kare idon mai ciwon suga. Ranar da kika gaya mini haka, na ce miki Allah Ya taimaka, na juya na shiga ɗaki. Kin ɗauka ban ji daɗi ba. Daɗi ne ya yi mini yawa, kuma ni ban iya nuna shi a gaban 'ya'yana ba. Ba ni da ilimin da zan ƙara miki a wannan fanni. Abin da nake da shi kurakuraina ne, kuma dukkansu a kan wannan ciwo na yi su. Su zan ba ki guzuri.

Lokacin da aka fara gaya mini ina da suga, malamar asibitin da ta ba ni ƙwayoyi ta ce in riƙa zuwa ana duba mini ido kowace shekara, ko da ina gani garau. Dariya na yi. A lokacin ina karanta ƙananan rubutun da ke jikin takardar magani ba tabarau, to me za a duba? Ban je ba. Shekaru suka wuce, sai na fara ganin layin rubutu yana lanƙwashewa a tsakiya, wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe suna yawo a gabana kamar ƙananan ƙudaje. Ban gaya wa kowa ba. Na sayi tabarau a faifan wani mai talla a Karaye, na ce tsufa ne. A zuciyata kuwa tsoro nake ji, domin magatakarda da ba ya gani ya gama aiki.

Wata rana aka aiko da takarda daga wajen hakimi a kan taron rabon taki. Na tsaya gaban dagaci da masu unguwanni na karanta, inda aka rubuta Laraba na ce Lahadi. Dattawa suka bar gonakinsu ranar Lahadi, suka tafi Karaye, suka tarar da ƙofa a rufe. Da aka tambaye ni, na ce tawadar takardar ce ta dushe. Ƙarya na yi, kuma na bar wanda ya buga takardar ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

Ke ce kika gane. Kina shekarar farko a karatun haɗa magunguna, kin zo hutu, kika ga na zuba shayi a gefen kofi ya malale a tabarma. Baƙi na zaune, sai kika kawo tsumma kika goge kamar ke kika zubar. Sai da suka tafi kika durƙusa kika tambaye ni tun yaushe idon ya fara. Na daka miki tsawa, na ce ba a aike ki makaranta don ki dawo kina auna ubanki ba. Duk da haka ba ki tashi ba. Har yau ina tuna wannan zaman naki. Kin rufa mini asiri a gaban mutane, kin kuma ƙi rufa mini a tsakaninmu, kuma duka biyun daidai ne.

Ki riƙe wannan hali. Za ki gamu da masu ciwo da yawa irina, waɗanda za su ce miki lafiya lau alhali duniya tana dushewa a gabansu. Ba taurin kai ba ne kawai, tsoro ne. Kada ki tambaye su a gaban 'ya'yansu ko surukansu. Ki jira a watse, ki sassauta murya, kuma idan sun yi miki faɗa kada ki tashi da wuri. Ke ma kanki, idan abu ya same ki a can, na jiki ko na zuciya, kada ki yi gadon ɓoyona. Suga yana cikin jininmu, kakanki ma da shi ya rasu. Ki riƙa auna naki.

Na yi miki alkawarin zuwa asibiti bayan kin koma makaranta. Maimakon haka sai na je kasuwar Rogo sayen irin dawa, na tarar da wani mutum da mota da lasifika, jama'a sun kewaye shi. Mutum ne mai tsafta, mai iya magana, yana jan aya nan da can. Kwalabe ne a gabansa, a jikin kowace an zana ganye kore da ido mai sheƙi. Ya ce kafso ne da aka haɗa daga 'ya'yan inabi da ganyen shayi da karas da wasu itatuwan ƙasashen waje. Ya ce suga yana sa jini ya yi tsatsa kamar tsohon ƙarfe, tsatsar ce take cin ido, wannan kuma yana wanke ta.

Zan gaya miki gaskiya ko a kan wannan mutum. Bai ce mini in daina shan maganin asibiti ba. Abin da ya ce shi ne na asibiti haɗin bature ne, nasa kuwa tsiro ne da Allah Ya fitar daga ƙasa. Sauran ni na ƙarasa wa kaina a kan hanyar komawa gida, domin abin da nake so in ji ke nan. Ina so a ce akwai hanyar da ba sai na je Kano an leƙa idona an gaya mini abin da nake tsoro ba. Na tura ƙwayoyin asibiti bayan akwati, na kama kafso safe da yamma. A makonnin farko har na rantse ina ganin sauƙi. Na koma cin tuwo malmala biyu, ina shan fura da sukari, tunda ga mai wanke tsatsa a aljihuna. Innarki ta tambaye ni sau biyu ina ƙwayoyin da na saba sha, na ce mata wannan ba fagenta ba ne.

Wajen wata biyar ina haka. Ran nan da safe na je gona duba dawa, na sunkuya zan cire wata ciyawa, da na ɗago sai idona na dama ya cika da wani abu ja-ja kamar hayaƙi. Na murza, na wanke da ruwan buta, bai tafi ba. Na rufe na hagu don in gwada, sai na ga ko tafin hannuna ba na iya gani. A kan kunyar gona na zauna har rana ta take, sannan na lallaɓa gida.

Yayanki Sabi'u ne ya kai ni asibitin ido a Kano washegari, ke kuma kika baro makaranta kika same mu a can. Likitar mace ce, ba za ta girmi yayarki Rabi ba. Ta ɗiga mini magani ƙwayar idon ta buɗe, ta haska, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta nuna mana hoton bayan idona na hagu, ta bi da alƙalami tana nuna ƙananan jijiyoyin jini da suga ya raunana, wasu suna yoyo, wasu sababbi sun tsiro barkatai marasa ƙwari. Ta ce irinsu ne suka fashe a na dama. Ta tambaye ni ko ina shan wani abu bayan maganin asibiti. Na so in ce a'a, sai na ji idonki a kaina. Na sa hannu a aljihu na fito da kwalbar.

Na shirya jin dariya ko faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta karanta duk abin da ke jiki har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, ba zan ce wannan kwalba ce ta fasa maka jijiya ba, ban ma san ko abin da aka rubuta shi ne a ciki ba. Abin da ya cuce ka shi ne maganin da ka ajiye dominta."

Ta yi mini bayani cewa akwai masana da ke binciken irin waɗannan sinadarai na tsirrai, kuma ba aikin banza suke yi ba, amma har yanzu ba wanda ya isa ya ce sun maye gurbin riƙe suga da hawan jini, da zuwa awon ido a kan lokaci. Ta yi wa idon hagu aiki da hasken leza, na dama aka yi ta yi masa allura ana jira. Kin san yadda aka ƙare. Na hagu ya tsaya, da shi nake rubuta miki. Na dama yana bambance haske da duhu, yana ganin giccin mutum, shi ke nan.

Da wannan likita ta yi mini dariya ranar, da na mayar da kwalbata aljihu, kuma da ba ta sake ganina ba. Ki koyi karɓar kwalba da hannu biyu. Duk wanda zai zo gabanki yana da abin da yake sha a ɓoye, na kasuwa ko na gargajiya, kuma ba zai fito da shi ba sai ya tabbata ba za ki mayar da shi wawa ba. Sannan ki riƙa ƙarasa magana. Mai lasifika ya faɗi rabi ya bar mini rabi, ni kuma na cike da son zuciyata. Idan wata rana kika ba mutum wani abu na tsiro, ki faɗa da bakinki, a fili, cewa kada ya ajiye maganinsa, ki sa shi ya maimaita.

Da na dawo gida sai na faɗa wani kuskuren, kishiyar na farko. Na tsani duk wani abu da ake kira ganye. Na ce a sare zogalen da ke bayan ɗakin Innarki. Na ce kada in sake jin maganar saiwa ko ɓawo a gidana. Har na ce abin da Goggo, kakarki ta Ruwan Bago, ta yi shekaru tana koya wa mata na itatuwa duk jahilci ne. A gaban 'yarta Innarki na faɗi haka, kuma tsohuwar ba ta yi shekara da rasuwa ba.

Zogalen dai ba a sare ba, kullum sai Innarki ta ce Sabi'u bai sami sarari ba. Ta sa kika karanta mata takardar abinci da aka ba mu a asibiti, ta haddace. Ta rage mini tuwo, ta ƙara miya. Yau zogale da ƙuli, gobe rama, jibi alayyahu da wake, ga yalo da karas idan lokacinsu ne. Ita ce take ajiye ƙwayoyina a gefen kwano, ba ta ɗauke kwanon sai ta ga na haɗiye. Watanni ina cin ganyen da na zaga, awon sugana yana sauka, ban taɓa buɗe baki na ce ta kyauta ba. Matar nan ba ta yi boko ba, amma ita kaɗai ce a gidan nan ta gane tun farko cewa ganye yana da wurinsa, magani yana da nasa, ba a korar ɗaya don ɗaya. Na nemi gafararta daga baya a kan maganar Goggo. Ta ce ta yafe tun ranar, amma ta so in daɗe ban sani ba.

Kin tuna hutun da kika zo kika same ni ina wannan ɓacin rai? Kika ɗauko yalo kika raba biyu, kika matsa lemun tsami a ɓari ɗaya, kika ajiye su a faranti. Bayan ɗan lokaci wanda ba a matsa wa ba ya yi duhu, ɗayan yana nan fari. Kika ce abin da mai lasifika ya kira tsatsa yana da asali, irin wannan lalacewa tana faruwa a jiki, suga yana ƙara ta, kuma akwai abubuwa a tsirrai da ke rage ta. Nan take zuciyata ta tashi, na ce ashe dai yana warkar da ido. Kika ce, "Baba, ban sani ba. Yalo ba ido ba ne. Sai an gwada a gani, nawa za a sha, wa zai sha, kuma me zai yi wa wanda ke shan wasu magunguna."

Na sha zama da malamai da manyan ma'aikata, ba kasafai na ji wanda ya ce bai sani ba alhali ana jiran ya burge. Ke kuwa ubanki ne a gabanki, mai ido ɗaya, yana roƙonki da fuska ki ce masa e, kika ƙi. Ranar na san kin fi ni, kuma na gode wa Allah da Ya nuna mini haka ina raye.

To, can inda za ki, za a matsa miki fiye da yadda na matsa. Wani zai so sakamako ya fito da wuri don sunansa, wani mai sayarwa zai so ki sa hannu don kwalbarsa ta shiga kasuwa, masu ciwo kuma za su zo da idanu irin nawa. Kada ki rubuta abin da ba ki gani ba. Idan kin yi shekara biyu a kan ganye ɗaya ya fito ba ya komai, ki rubuta ba ya komai, wannan ma aiki ne, kin tare wa wani hanyar ɓata. Idan kuma kin koma wajen tsofaffin mata irin Goggo kina tambayar itatuwa, ki durƙusa ki gaishe su, ki rubuta daga bakin wa kika ji, kuma ki koma ki gaya musu abin da awo ya nuna, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Saura ɗaya, wadda ba ki sani ba, Innarki kaɗai ta sani. Kin san Baffa Idi na Beli, abokina tun muna makarantar allo, manomin gyaɗa. Kin san ya makance, kuma an gaya muku suga ne. Suga ne, amma da hannuna a ciki. A watannin da nake shan kafson nan ya zo mini gaisuwa, ya ce shi ma idonsa yana hazo, 'ya'yansa suna so su kai shi Kano. Na fito da kwalba na nuna masa, na karanta masa turancin da ke jiki ina fassarawa da ƙarin gishiri. Na ce ya bar wahalar Kano, ni ga shi na ajiye na asibiti kuma garau nake. Idi bai iya karatun boko ba. Ya ce tunda Magatakarda ya karanta ya gamsu, shi wane ne.

Da abin ya same ni, kunya ta hana ni aika masa. Na yi ta cewa sai na warware in je da kaina in yi masa bayani. Na shiga zirga-zirgar asibiti, damina ta wuce, aka cire gyaɗa. Lokacin da na je Beli, idanunsa biyu sun riga sun tafi, an kai shi Kano an ce an makara. Saƙon baki ɗaya ta hannun direban da ke bin hanyar kullum da ya isa, ban aika ba.

Na same shi a inuwar rumbu yana ɓarar gyaɗa da lalube, hannunsa ya fi na mai gani sauri. Ya gane ni da sallama. Bayan mun gaisa na gaya masa komai, har da watannin da na yi shiru. Ya ci gaba da ɓara. Sannan ya ce, "Magatakarda, kwalbar ba ta dame ni ba, kai ma ita ka sha. Shirun ne ya yi mini ciwo. Amma na yafe, zauna ka taya ni." Na zauna muka ɓare kwando guda tare, ban iya ɗaga kai ba. Tun daga ranar duk bayan mako biyu, ranar Juma'a, ina Beli. Shi da aka cuta, shi ne yanzu yake tare duk mai suga a ƙauyensu yana tambayarsa yaushe rabonsa da awon ido, kuma ba ya sakin hannun mutum sai ya yi alkawari.

Hajara, maganar mai ilimi tana da nauyin da shi kansa bai sani ba. Ni takardar firamare da ta horon aiki kawai gare ni, amma ta isa ta sa mutum ya fasa zuwa asibiti. Ke da za ki dawo da abin da ya ninka wannan, duk abin da kika faɗa a wajen biki ko a cikin mota, wani zai ɗauke shi ya kai gida ya yi aiki da shi. Kuma idan kika gane kin faɗi kuskure, kada ki jira ki shirya yadda za ki faɗa. Ki aika a ranar, ko ta bakin wa.

Makon jiya na gaya wa Baffa Idi za ki tafi da abin da za ki karanta. Ya sa matarsa ta auno gyaɗar da ya ɓare da hannunsa, ita ce a ƙullin da ke gefen jakarki, Innarki ta soya. Ya ce in gaya miki shi nasa idon ya riga ya tafi, ba ya jiran komai daga gare ki don kansa, saboda haka kada ki yi gaggawa. Ya ce yana da jikoki tara, kuma ciwon a gidansu yake.

Allah Ya sa ki gama lafiya, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane. Allah Ya tsare miki idonki da harshenki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Ni na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini tsawar da na yi miki. Allah Ya dawo mana da ke cikin aminci.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Garba, Kurugu